Ta Kwafi Allona

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau sau uku Baba Mai Ɗab'i ya kira ni. Na ukun ban ɗauka ba, na zuba wa wayar ido tana rawa a kan tebur har ta gaji. Ashe tun Alhamis ɗin da ta wuce ya kamata in miƙa littafin kimiyya na aji huɗu, ni kuwa da rantsuwa zan yi Alhamis mai zuwa ya ce. Na rubuta ranar a bayan wata takarda, takardar kuma Allah kaɗai ya san inda ta shige.

Shekara bakwai ina tsara masa shafukan littattafan makaranta daga wannan ɗan teburin da ke tsakanin gado da taga, ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi irin na yau ba. Da faɗa ya yi da ya fi min. Cewa kawai ya yi, "'Yata, inji ba ya jiran mutum."

Aikinsa shi ne aikina. Sauran duk tsince-tsince ne, katin gayyata, takardar talla. In ya sake ni, na zauna ke nan.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Lantarki ta zo. Tun muna makaranta ake kiranta haka saboda saurinta, ita kuma Hawainiya take ce min, har a gaban Baban yara. Sana'armu ɗaya, sai dai ita rahotannin ƙungiyoyi take tsarawa, kuma ba ta taɓa makara ba tunda uwarta ta haife ta.

Ta leƙa kwamfutata ta ga sunayen fayiloli: "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", "na ƙarshe wallahi". Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Wai wannan ba kwamfuta ba ce, juji ne. Ta ture ni daga kujera ta zauna.

Kafin shayinta ya huce ta sa min manhajoji. Babbar ita ce allon ayyuka. Gida uku ne a jere, Za a yi, Ana yi, An gama. Kowane aiki kati ne, ka rubuta sunansa da ranar miƙawa, in ya matsa gaba ka ja shi zuwa gida na gaba. In rana ta wuce ba ka gama ba, sai katin ya yi ja. Muna gama shigar da ayyukana biyar suka yi jajawur a take, kunya ta kama ni kamar in nutse. Akwai kuma kalanda mai faɗowa a fuskar kwamfuta ta tuna maka, da wani agogo da kake dannawa in ka fara aiki, ka danna in ka tashi.

Ta sa kanta a cikin allon nawa. "Don in riƙa sa miki ido, ƙawata. Na ga ja, in kira ki in ci miki mutunci." Na ce Allah ya bar mu tare. Har bakin titi na raka ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na ja katina na farko zuwa An gama. Na mayar da shi baya na sake ja, don daɗi kawai. Babu wanda ya gan ni.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Lantarki ta ce min a waya, duk abin da ke kaina in juye shi a kati, kai ba ma'ajiya ba ne. To na juye.

Na buɗe kati da sunan Baba na rubuta komai. Ba ya son a kira shi kafin ƙarfe goma. Tsohon injinsa yana cin gefen hagu, don haka a ƙara fili a can, ko da ya ce ba sai an ƙara ba. Babin farko a kan takarda yake son gani, ba a kwamfuta ba. In ya ce "ba laifi", akwai laifi. In ya ce "to, to", ya ji daɗi. Kada a fara maganar aiki sai an tambayi gwiwarsa. Farkon Maris yake raba aikin littafin lissafi, juzu'i uku, mafi girma a shekara.

Shekara bakwai a kati ɗaya. Da na karanta sai na ji kamar na zama wata babbar ma'aikaciya. Lantarki ta sa min alamar yatsa a ƙasa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Agogon nan ba shi da kara. Ya kawo min rahoton mako, ni da nake ce wa kowa awa takwas nake yi kullum, ashe uku ne da 'yan mintuna. Sauran waya ta ci rabi, baƙi suka ci rabi. Tunda a gida nake aiki kowa gani yake zaman banza nake. Jiya Yaya ta zo wai minti biyar, ta tafi bayan ta ba ni labarin maƙwabtanta gida-gida.

Na samo wata manhaja da kaina, mai rufe shafukan hira har sai lokacin da ka ɗiba ya cika. Na gwada buɗewa sau huɗu ta ƙi. Baban yara ya ce ya daɗe yana neman abin da zai iya da ni, ashe a intanet yake.

Saura kati ɗaya ja.

Talata, 4 ga Maris

Baba bai kira ba. Na share allo tas saboda littafin lissafi, na buɗe masa katuna uku suna jira. Lantarki ta ce in yi haƙuri, tsoho ne, mantuwa. Ta yi saurin ajiye wayar, wai tana da baƙi.

Litinin, 10 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi ina gyara wata takardar talla sai sanarwa ta faɗo a kusurwa: an saka ni a sabon allo. Na ɗauka wani abin koyarwa Lantarki ta turo min. Na danna.

Allona ne. Gidajena uku, tsarina, har launin da na zaɓa. Sunan ne kawai ta canza, ta sa nata. Katin Baba yana nan da maganata a ciki, kalma-kalma, har inda na yi kuskuren rubuta "gwiwa" ban gyara ba. A gidan Ana yi kuma ga kati: Lissafi, juzu'i na ɗaya. An buɗe shi tun 27 ga Fabrairu.

Kwafar allon ta yi gaba ɗaya, cikin saurinta ba ta lura cewa yana kwafowa har da mutanen da ke ciki ba. Ni ban taɓa sa hoto ba, ɗan da'ira ne toka-toka a can sama, ba mai kula da shi. Sanarwar ma sai yau ta iso, ko sai yau na ganta, oho.

27 ga Fabrairu. Ranar ta zo nan da yamma, ta ci abincina, ta yi wa auta kitso.

Talata, 11 ga Maris

Ban kunna kwamfuta ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wurin Baba, bayan goma, sabo ya hana ni zuwa kafin nan. Ƙarar inji, warin tawada, takardu jibge har saman taga. Sakatariyarsa ta gan ni ta sunkuyar da kai tana neman abin da bai ɓata ba.

Na tambayi gwiwarsa. Ya ce da sauƙi, ƙawata ma ta kawo masa wani man shafawa.

Ba na iya tuna duka. Ya ce ita ta zo da ƙafarta. Ya ce ta ce ni na turo ta, wai aiki ya sha kaina, kunya ce ta hana ni faɗa. "Har allon naki ta nuna min a kwamfutarta, 'yata, duk ja." Ya ce abin da ya sa ya yarda shi ne ta san komai, har zancen gefen hagu, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba sai ni.

Na buɗe baki in ce ƙarya take, sai na ga ya riga ya ba ta juzu'i uku duka, magana ta ƙare. Jan da ta nuna masa kuma nawa ne, ba ƙirƙira ta yi ba. Hoton ranar farko ta ajiye, ranar da take dariya tana riƙe ciki.

Ya ce in akwai ƙaramin aiki zai neme ni. Na ce to, Baba. A cikin motar haya na yi kuka, wata mata ta miƙo min hankici tana ce min Allah ya jiƙan rai.

Asabar, 15 ga Maris

Na kira Lantarki. Na shirya maganganu tun jiya, ɗaya bai fito yadda na shirya ba.

Da farko ta ce sakatariya ce ta gaya min ko? Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ta ce dama tana neman yadda za ta faɗa min. Ta ce Baba ya riga ya gaji, da ita ba ta karɓa ba wani can zai karɓa, gara abin ya tsaya a gida. A gida! Ta ce ƙungiyoyin da take yi wa aiki biyu sun rufe tun Janairu, ba ta gaya wa kowa ba. Na ce da kin tambaye ni da na raba miki. Ta ce, "Ke? Ke da kanki ba ki iya riƙewa ba."

Wannan ita ta ƙona ni, don akwai gaskiya a ciki, kuma ba bakinta ne ya kamata ya faɗa ba.

Na cire ta daga allona. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Wallahi ta fi ta kunya.

Nata allon kuwa ban fita ba.

Laraba, 19 ga Maris

Yaya ta ce in je gidan Lantarki in tara mata jama'a. Baban yara ya ce in bar ta da Allah. Kowa da shawararsa, ba wanda zai zauna a kujerar nan ya ga allo fayau, katin gayyata ɗaya tal yana lilo a ciki.

Abin haushin, yanzu da ba ni da aiki na iya tsari. Na yi wa fayiloli suna da kwanan wata. Na sa manhajar da ke adana kwafin komai da kanta. Har wadda kake buga haruffa uku ta zubo maka doguwar gaisuwa na koya. Wa zan gaisar?

Litinin, 24 ga Maris

Sau tara na leƙa allonta yau. Na ƙirga, don agogon ya ƙirga min.

Katunanta gudu suke. Tana liƙa hotunan shafukan da ta gama, na buɗe ina neman aibu. Ban samu ba. Jadawalin ninkawa da nake fama da shi duk shekara ta zaunar da shi tsaf a shafi ɗaya. Ya fi nawa kyau. A nan kawai zan faɗa, ko da wuƙa a wuya ba zan maimaita ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau na ga abu.

Ta ja katin "Gyaran marubuci" zuwa An gama. Na gaba shi ne "Miƙa wa inji", ranar Talata. Babu komai a tsakani.

Babu ambulan.

Malamin Lissafi, tsohon da ke rubuta littafin, sau biyu yake gyara. Na farko jikarsa ke turowa ta imel, ya sa hannu ya ce ya gama. Bayan kwana biyar ko shida sai ya zauna ya sake lissafa amsoshin da ke bayan littafi da fensir, ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a ambulan ruwan ƙasa, ya kawo da kansa ya bar wa sakatariya. Ba ya gaya wa kowa, a ganinsa kowa ya sani. Sakatariya kuma ta jefa a aljihun tebur na ƙasa, in ba ka tambaya ba sai shekara ta zagayo. Baba kansa bai san da shi ba, ni nake zuwa in karɓa tun shekarar farko da na kusa ƙonewa. Bara amsa arba'in da ɗaya ya canza.

Ban rubuta shi a kati ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban ma tuna ba, ƙafata ce ta san shi ba kaina ba.

Na daɗe zaune. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na fara ji.

Juma'a, 28 ga Maris

Akwai wurin rubuta sharhi a ƙasan kowane kati. Na rubuta, "Ki tambayi sakatariya ambulan." Kalma huɗu. Na goge. Na sake rubutawa. Na goge.

In na tura, ta san ina kallonta tun tuni. Ta gyara, littafi ya fito lafiya, Baba ya ce "to, to", ni kuma shi ke nan har abada.

Na gaya wa Baban yara muna shanya kayan yara a baranda. Na zaci zai yi dariya ya ce alhakina ne. Sai ya tsaya da rigar auta a hannu, ya ce, "To yaran da za su duba amsa a bayan littafin, su me suka yi miki?" Na ce ni aka ɗauka aiki? Ya ce a'a. Ya ci gaba da shanya. Na fi son Yaya a irin wannan rana.

Litinin, 31 ga Maris

Ba ruwana. Ba ni na sa ta ba, ba ni na hana ta tambaya ba. Wanda ya ce ya san komai ai ya sani.

Talata, 1 ga Afrilu

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ta ja katin "Miƙa wa inji". Ina kallo ya tashi daga wannan gida ya sauka a wancan.

Na tashi na wanke bayi, wanda na wanke jiya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Baba ya kira, tun kafin tara, shi da ba ya magana kafin goma.

An buga juzu'i na ɗaya, an ɗinke, an kai wa makarantu shida. Malamin Lissafi ya karɓi nasa ya buɗe baya, ya zo har wurin inji da sandarsa yana cewa an zubar masa da mutuncin shekara talatin. Amsa hamsin da uku ba daidai ba. Wata malama ma ta riga ta aiko, wai ɗalibanta sun yi daidai littafi ya ce sun yi kuskure, har wata yarinya ta yi kuka. Aka jawo aljihun tebur, ga ambulan a kwance. Sakatariya tana can gida, an ce ta huta tukuna.

"'Yata, na yi kuskure. Ki zo ki karɓi na biyu da na uku, ki gyara min na ɗaya." Muryarsa ta tsufa a wata guda.

Na ce to, Baba. Na tambayi gwiwarsa. Ya ce wa yake ta gwiwa.

Abin da nake so ke nan, ya kuma samu. Yaya har da guɗa a waya.

Ban yi tunanin sakatariya ba. Ko sau ɗaya ban yi ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Lantarki ta zo. Ba ta kira ba, sallamarta kawai na ji. Ta rame, gyalenta a karkace, ita da ko shara za ta fitar sai ta daidaita shi. Ba ta zauna a kujera ba, a bakin gado ta ɗosana.

Ta kawo min fayilolin duka a ɗan abin adanawa, an jera, kowanne da sunansa, don kada in sha wahala. Ta ce ba ta zo neman komai ba. Ta ce ta ci amanata, ta sani, tun ranar ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba. Ina kallonta ina jin yadda nake da gaskiya.

Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa. Ta ce abin da ya fi damunta, da ta bi ta hanya ta roƙe ni, da tare muka yi, da hakan bai faru ba. "Ke da kin gani ba za ki taɓa bari ba, Hawainiya. Na san halinki."

Na ce haka ne.

Baban yara yana falo, ya ji. Bai ɗago daga wayarsa ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Juzu'i na ɗaya ya koma inji. Na je da kaina wurin Malamin Lissafi muka bi amsoshin, ya riƙe hannuna yana sa min albarka, wai ni kaɗai ce mai tsoron Allah a cikinsu. Na zare hannun da wuri, na ce ina sauri.

Na roƙi Baba ya dawo da sakatariya. Ya ce zai duba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na biyu ya tafi, kwana biyu kafin ranarsa. Baba ya ce "to, to". Awa shida da rabi nake yi yanzu, agogo ne shaida. Babu ja ko ɗaya a allona. Lafiya lau nake.

Ita ta fara. Wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ita ta shigo ɗakina ta kwashe shekara bakwai ta kai wa mutum da sunana. Ni ban yi komai ba. Ban ɗauki na kowa ba, ban yi wa kowa ƙarya ba, in ban da "haka ne" ɗin nan, shi ma ai amsa ce kawai.

Na fita daga allonta da safe. Ba abin da ke motsi a ciki dama.

Da na zo jera ayyukan mako mai zuwa, na buɗe kati ɗaya fiye da yadda na yi niyya. Na rubuta, "In gaya mata na gani." Yana can ƙasan gidan Za a yi, ƙarƙashin juzu'i na uku.

Ban sa masa rana ba tukuna.